Tulun da Ya Ƙi Tsayuwa

Maigidana ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa ta Jidda. Wata rana ya shigo da tulu a kafaɗa, wai tarun wani masunci ne ya jawo shi daga ƙasan teku. Dogo ne, mai hannu biyu, gindinsa tsini kamar mazari. Ka ajiye shi, ya kwanta. Ni 'yar maginiyar tukwane ce, amma ban taɓa ganin irinsa ba.

Sai 'yar maƙwabciya ta kwanta zazzaɓi. Tsohuwar da muke haya a gidanta, wadda kowa ke ce wa Inna, ta yanke hukunci: tulun teku ɗakin aljan ne, a fasa shi kafin Juma'a. Maigida ya ce, "Halas, shi ke nan, bari a fasa." Na ce sai dai a fara da kaina.

Lokacin ina makarantar manya, da furfurata, ina kokawa da baƙaƙe. Na goya tulun kamar jariri, na kai wa malamarmu, wata Bamisriya. Ta daɗe tana shafa shi.

"Hajiya, wannan na Rumawa ne. Man zaitun suke zubawa, su cake tsinin cikin yashi a cikin jirgi, su bi tekun nan har Indiya. Tun ba a haifi Annabi ba."

Tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ni na ɗauka Rumawa a bakin malamai kaɗai suke. Ashe sun wuce ta nan da mansu, da yunwarsu, wasu ma teku ta haɗiye su inda nake wankin kifi.

Na dawo na kankare dattin teku da wuƙa. A gindin hannun tulun, inda magini ke dannawa ya liƙe laka, ga shatin babban yatsa.

Na kamo hannun Inna.

"Ke, sake ni, mara kunya!"

"Inna, sa yatsanki nan. Aljan yana danna laka?"

Ta sa. Yatsan ya zauna daram. Ta yi ta duba shatin har matan gida suka taru.

"Allah sarki," ta ce. "Ɗan wani ne. Kuma sauri yake yi, dubi yadda ya karkata hannun."

Ita da kanta ta aika aka ɗebo yashi. Muka cake tulun a ciki bayan ƙofa, ya tsaya.