Ranar da samfilata ta manta kalangu

Gaisuwa ga jama'ar fesbuk kaf, masu data da masu aro, daga sarkin kidan lantarki na Suleja, wato ni!

Yau natono samfilata, injin nan mai nadar sauti, sai natuna wani biki a Madalla shekarun casa'in. Lokacin Oga Sande mai gyaran rediyo ya kara mata memori, nace ai tayi kwakwalwa, mezanyi da filofi, faifan nan na ajiye sauti?

Da safen bikin na nadi kalangun Baba Audu acikin samfilar, naki sebin dinshi a filofi, nacemai yayi ritaya.

Amarya na shirin shiga fili aka dauke wuta. Aka tada janareto, na danna, shiru! Ashe memori baya rike komi in wuta ta tafi.

Na lallaba gun Baba yana cin tuwo. "Baba ka rufamin asiri."

"Dana ai nayi ritaya, injin ya buga."

Saida na tsuguna gaban mata sannan ya dau kalangu. Amarya ta cashe, kowa nacewa ni na tsara hakan. Ban musa ba.

Duk wanda yayi dariya ya turomin katin waya yanzunnan!