Na'ura a Birnin Kudu, Kaset a Maruta

Da damunar bana Habu ya cika shekara bakwai da rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. Taubashina ne, shi ɗan namiji ni ɗan mace, saboda haka har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa kirana Idi ba, sai dai “bawana”. Ni kuma tsohon yaro nake ce masa. To, me za ka kira mutum mai furfura a gemu, malamin gona da ake ganin girmansa a Birnin Kudu, wanda zai dawo daga gonarsa ta Kangire da taɓo har gwiwa, ya yi wanka, ya yi la'asar, sannan ya miƙe ƙafa gaban talabijin yana danna gem yana cije leɓe?

Tun muna samari abin ya kama shi, lokacin da aka tura shi kwas Kano. Ya dawo da wata na'ura mai kaset a cikin kwali, muna jona ta da batirin mota. Daga nan bai sake barin tsohuwar na'urar gem ta wuce shi ba. 'Yan gwanjo sun san shi, 'yan jari-bola sun san ƙofar gidansa. Abin da wani ya jefar, Habu zai saya ya kwance, ya goge, ya yi ta lallaɓa shi har ya tashi. Bai kuma raina na zamani ba. Ya sayi masu faifai da suka zo daga baya, ta ƙarshen da ya saya ma abin riƙewarta, wanda yara ke kira fad, ba shi da waya ko ɗaya. Ɗaki guda ya ware musu, kowace da ƙyallen da ake rufe ta.

An yi surutu, ba a fasa ba. Shi dai amsarsa ɗaya ce, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Jam'i bai wuce shi ba, hatsi bai yanke a gidansa ba. Marigayiya matarsa, wadda ta riga shi tafiya, takan ce ta gwammace wannan da ya zauna a majalisa ana cin naman mutane.

Doka ɗaya gare shi: ba ya buga gem shi kaɗai. In bai sami abokin yi ba, gara ya kashe ya tafi gona. Ni ne na fi kowa shan wahalar wannan doka. Sai in taso daga Gwaram don wata hidima, ya damƙa mini fad, ya yi ta zura mini ƙwallo yana cewa, “Bawa ba ya cin ubangidansa.” Kaico, hannuna da ya saba da fartanya ina zai iya da waɗannan 'yan maɓallai! Wadda ta iya masa ita ce 'yarsa Hadiza. Tun tana ƙarama take zama gefensa, kafin ta yi aure kuwa ta fi shi hannu nesa ba kusa ba. In ta lallasa shi sai ya fito tsakar gida yana shela, kai ka ce shi ne ya ci. Wanta Nura shi ma yana taɓawa, amma hankalinsa ya fi karkata ga kasuwa.

Nakan tambayi kaina abin da Habu zai ce da ya ga yau. Sola ta wadata, da ya huta da jigilar batir. Gem ya koma cikin wayar hannu, yaro yana tsugune a bakin shago a Farin Dutse yana fafatawa da wani da ke wata ƙasa, bai san sunansa ba balle na ubansa. Na san Habu, da sai ya karɓi wayar ya gwada, da kuma ta burge shi. Amma da ya miƙa wa yaron abarsa zai tambaye shi, “To in ka ci shi, fuskar wa za ka kalla ka yi dariya?” Da kuma ya ji cewa tarkacen da ake masa dariya a kansu yanzu masu kuɗi ne ke nemansu suna ajiyewa, wallahi da ban sha ruwa a garin nan ba saboda gori.

Abin da ba zan so ya gani ba shi ne abin da ya biyo bayan rabon gadonsa. Magada biyu ne kacal, Nura da Hadiza. Gida da gona ba su ba malamai wahala ba. Da aka zo ɗakin gem sai aka yi cirko-cirko, don a cikin dattawan da ke wurin babu wanda ya san mene ne ke tafiya da mene. Nan Nura ya yi suɓul da baka a gaban jama'a, ya ce, “Mace me za ta yi da gem? A bar mini ɗakin, a ba ta wani abu a madadinsa.” Hadiza tana daga bayan labule. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce ita a ba ta kaset-kaset da faya-fayan kawai, ya riƙe na'urorin. Malamai suka kimanta, suka ga kason ya yi daidai da shari'a, kowa ya ce ya yarda, aka shafa fatiha. Har wasu na tausaya mata wai an bar ta da buhun robobi.

Ni da na san ɗakin na san abin da ta yi. Turmi ya zauna a Birnin Kudu, taɓarya ta tafi Maruta gidan mijinta. Nura na da na'urori cike da ɗaki, babu abin da zai sa a ciki. Ita tana da buhun kaset a ƙarƙashin gado, babu na'urar da za ta sa su. Ba su yi faɗa ba, da ma sun yi da ya fi sauƙi. Gaisuwar Sallah a waya, ta'aziyya in ta kama, shi ke nan. Shi yana jiran ta aiko, ita tana jiran ya zo ya janye maganarsa. 'Ya'yansu suka taso ba su san juna sosai ba. Wannan abu ya ci mini rai ƙwarai, don su biyun nan su ne duk abin da Habu ya bari mai numfashi. Na yi magana har bakina ya gaji, kowa ya ce mini “to, Baba”, ya ci gaba da abin da yake yi.

Bana sai ga wani dillali daga Kano ya ji labarin ɗakin, ya ce zai saya, amma sai ya ga kowace na'ura tana aiki. Nura ya zo har gida ya same ni, wai in karɓo masa kaset biyu-uku wurin ƙanwarsa a gwada. Na ce masa, “Ubanka ne ya ce ni bawansa ne, ba kai ba. Ƙafarka ce ta karye?” Ya yi ta sosa ƙeya. Bayan kwana biyu ya ɗauro tsohuwar na'urar nan ta farko a bayan babur, ya biyo ta Gwaram ya ɗauke ni, wai in yi masa rakiya.

Hadiza ta karɓe mu ba yabo ba fallasa. Ta kawo ruwa, ta jawo buhun, aka jona na'ura da talabijin ɗin mijinta. Shiru. Habu kan kunna kowace lokaci-lokaci don kada ta mutu a kwance, wannan kuwa shekara bakwai tana shan laima da kashin kyankyaso. Nura ya zare kaset ya hura, ya mayar. Hadiza ta ce, “Yaya, ba haka Baba yake yi ba, kawo.” Ta hura ta gefe, ta danna da tafin hannu. Shiru dai. Suka kwance bayanta, suka goge tsatsa, suna gardamar wace waya ce ke shiga ina, yara sun yi musu rumfa. Ina daga gefe ina jinsu, daga gardamar waya suka koma ta ranar da Habu ya ƙona talabijin ɗin maƙwabci, har Hadiza ta yi dariya tana share ido da bakin mayafi. Ban ji Nura ya ba da haƙuri ba. Abin da na ji shi ne, “Ke ce dai kika iya abin nan tun asali.” Aka kira la'asar, aka ci abinci, na'ura ba ta tashi ba.

A hanyar dawowa na yi ta auna abin da ya rage na Habu. Ƙarfe da roba suna mutuwa, na gani da idona, wataƙila rabin ɗakin nan ya riga ya bi mai shi. Gorinsa da shewarsa sai mu tsofaffi da muke tunawa, mu ma muna kan hanya. Abin da na ga ya saura shi ne ya koya wa yaran nan zama kafaɗa da kafaɗa su fuskanci abu ɗaya, kuma jikinsu bai manta ba ko da zuciya ta yi tauri. Ban tambayi Nura maganar dillali ba, shi ma bai sake tayar da ita ba.

Dama da za mu baro Maruta, Nura ya ce wa Hadiza sauran na'urorin suna nan jibge a ɗaki, zai nemi mota ya kwaso su gaba ɗaya a gwada. Hadiza ta rako mu har zaure, ta ce, “A'a, Yaya. Ka riƙa kawo su ɗaya-ɗaya.”