Ɓeran Kwamfuta da Allurar Yayana

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, a Samaru, malamar da ke duba aikina ta zaunar da ni gaban wata tsohuwar kwamfuta. Ta nuna mini zanen ɓera, da ɗan abinci a gabansa, da wani mai yawa a bayan shinge. In an bar shi, sai ya haura shingen. In na ƙara lambar da ke matsayin maganin taɓin hankali, sai ya haƙura da na kusa. In na ƙara sosai, ko motsi ba ya yi.

"Ba wai ba ya so ba ne," in ji ta. "Ƙarfin tashi ya nema ne maganin ya danne."

Ni kuwa yayana nake gani a ɓeran nan. Shekara biyu ke nan ana yi masa allura duk wata, tun da ya fara jin muryoyi ya bar koyarwa. Muryoyin sun lafa, amma shi ma ya lafa. A gidanmu na Muchia yakan wuni a kan benci, hannu na rawa, yawu na zuba. Randa na kusa da shi, amma sai ya zauna da ƙishirwa har Mama ta dawo daga kasuwa. Baba ya ce lalaci ne kawai.

Na buga sakamakon a takarda, na kai gida.

"Yanzu ɗan nawa ne ɓera?" in ji Baba.

Mama dai ta ce in raka su asibiti, ita da Yaya. Likita ya duba takardar, ya ce, "Na san wannan, 'yata. Amma injinki bai gaya miki abin da zai faru in na rage ba."

Na nace har da kuka. Ya rage kaɗan.

Sati uku Yaya ya dawo mana. Ya yi aski, ya gyara ƙofar kicin, ranar Lahadi muryarsa ta fi ta kowa a coci. A sati na huɗu ya daina barci, ya ce rediyon maƙwabta na zaginsa. Wata safiya ya fice. Masu dako ne suka same shi a kan layin dogo a Sabon Gari, ba takalmi, tafin ƙafarsa duk jini. A ɗaure suka kawo shi.

Aka mayar da allurar yadda take, har da ƙari. Ba wanda ya ce laifina ne, amma Baba ya yi wata guda bai amsa gaisuwata ba.

Aikina na jami'a ya samu maki mai kyau. Ranar da zan tafi bautar ƙasa na durƙusa gaban Yaya in yi masa sallama. Ya daɗe kafin bakinsa ya buɗu.

"Ki roƙi likita ya sake ragewa," ya ce. "Ko na sati ɗaya ne."

Na ce to. Ban roƙa ba.