Kaskon Umma Zuwaina

A saman kowane jirgin ruwan yaƙi da ke tashar nan tamu akwai wani farin ƙwallo mai gilashi a fuska. Ido muke ce masa. Rabinsa kyamara ce, ɗaya rabin kuma zafin jiki yake gani, ta yadda ko hazo ya sauko, kan mutum yana lilo a ruwa zai fito fari fat a allo. Idan ido ya samu matsala, ɗakinmu na gyara ake kawo shi. A nan na san Khalfan, teburinsa yana jikin nawa.

Mutumin Sur ne, wani gari a bakin teku, dogo, maras yawan magana, mai taurin kai na ban haushi. Ubansa masunci ne. Wata safiya ya fita da kwalekwale, hazo ya rufe, aka yi ta nema har aka gaji. Daga baya aka tsinci kwalekwalen a kife, a inda masu neman suka sha wucewa. Khalfan bai taɓa ce mini abin da ya kawo shi aikin nan ke nan ba, amma duk mai hankali ya gane.

Hannunsa ya fi nawa kyau, ba na musu. Sai dai idanun da ya gyara suka riƙa dawowa. Su yi 'yan makonni a teku, sai hoto ya dushe. A buɗe, a tarar da wani siririn maiƙo kwance a kan gilashin ciki, wanda wani ɗan inji ke sanyayawa fiye da ƙanƙara. Duk tururin da aka rufe a ciki, can yake zuwa ya daskare.

Shugaban ɗakinmu, Ustaz Darwish, ya kira shi a gabana.

"Kai ango, wane turare kake shafawa? Doka ta hana, ka sani."

"Wallahi ban shafa komai ba, Ustaz."

Muka shinshina shi, mu ma ba mu ji komai ba. Ina za mu ji? Dukanmu a cikin hayaƙin lubban muka tashi, hancinmu ya daina lissafa shi. A wurinmu turare shi ne na kwalba. Na kasko kuwa ai gaisuwa ce da addu'a.

Ranar da motarsa ta lalace na biya ɗaukarsa, ranar na gani. Mahaifiyarsa, Umma Zuwaina, tana tsaye a bakin ƙofa da kasko. Ta sa shi ƙarƙashin rigarsa har hayaƙi ya fito ta wuya, ta zagaya gemu da hula, tana karanto addu'a. Haɗin nata ma ba lubban zalla ba ne, har da mai a ciki.

A mota na ce, "To ga ɓarawonka nan, malam tsabta."

Sai da muka wuce kasuwar kifi sannan ya ce, "Ranar da Baba ya fita, garwashi bai kama ba. Ya ce yana sauri, Umma ta bari sai ya dawo."

Tun daga ranar ba ta bar ɗanta ya taka waje ba tare da hayaƙi ba.

Ya gwada duk wata dabara. Yana wanka a wurin aiki, yana sauya kaya, har gemun ya aske, muka yi ta tsokanarsa da ɗan makaranta. Maiƙon ya ragu, amma bai tafi ba. Ustaz ya ce in ido ɗaya ya sake dawowa, to Khalfan ya koma sashen fenti. Ba mugunta ba ce, don masu tsaro a teku da idon nan suka dogara.

Na ce masa, "Ka ce mata likita ne ya hana, saboda ciwon ƙirji."

"Ba zan yi mata ƙarya ba. Kuma ba zan bar ɗakin nan ba."

Haushi ya kama ni. Mutum ya ƙi hanya mai sauƙi sai ka ce shi kaɗai ke da uwa.

Washegari na sake zuwa ɗaukarsa. Ta fito da kasko, sai ya ja baya. Ban taɓa ganin fuska ta faɗi haka ba, tausayinta ya kama ni.

"Khalfan, ni kake gudu?"

"Umma, hayaƙin yana makantar da abin da nake gyarawa."

"Ƙarfen banza ya fi addu'ata?"

"Bai fi ba. Amma shi yake ganin mutum a ruwa idan hazo ya rufe. Masu nema sun wuce ta gefen Baba, Umma. Da suna da irinsa, da sun gan shi."

Ta ƙura masa ido, kaskon a hannunta. Na ɗauka za ta yi masa baki. Sai ta sunkuya ta ajiye shi a ƙasa, bayan ƙofa.

"Ubanka ma cewa ya yi in bari sai ya dawo."

"Zan dawo, in sha Allah."

Ta juya ciki ba sallama. Muka wuce aiki. Ranar ya haɗa idon wani jirgin sintiri, ya rufe shi da hannunsa, kuma wannan idon har yau yana kan hasumiyar jirgin bai dawo mana ba.

Bayan la'asar na mayar da shi gida. Tun daga kwanar layin muka hango ta zaune a bakin ƙofa, kasko a gefenta, toka ta taru tuli guda. Maƙwabciya ta raɗa mini cewa tun safe take ƙara gawayi, ko abinci ta ƙi tashi ta ci, kada garwashin ya mutu.

Khalfan ya sauka, ya tsaya a gabanta, ya ɗaga hannuwansa kamar yaro za a sa masa riga. Ta miƙe da ƙyar, ta hura wutar.

"Matso," ta ce. "Na safen ne, na ajiye maka."