Abin da Dorina Ta Faɗa a Kashi na Huɗu

Hamida ba ta iya zama wuri ɗaya. Ko abinci a tsaye take cin sa, idonta a kan hanya. Gidanta yana Kpangalam, a Sokodé, amma rabin rayuwarta a gaban kamiyo, babbar motar kaya, take yin ta: ta ɗauki doya daga Aouda ta haura da ita Dapaong, ta sauko da albasa da tumatir. Direbobi sun ce in mota ta tsaya a Mango don a sha ruwa, kafin a buɗe buta ta fara buga ƙofa tana cewa rana na yi.

A Sokodé aka haife ta, amma tun tana ƙarama aka kai ta riƙo wurin gwaggonta a Bawku, can Ghana, inda ta yi makaranta har ta iya karanta Turanci. Da ta dawo, Turancin bai sayar mata da ko albasa ɗaya ba, don a nan Faransanci ake so, da Tem, da Hausa. Haka ya zauna mata a ka babu aikin yi, har ranar da mijinta Issifou, mai gyaran waya, ya zuba mata wani wasa a wayarta don ta daina kiransa daga hanya tana tambaya ko yara sun ci abinci.

Wasan na wani kuku ne mai dogon hanci da agwagwarsa mai surutu. Jirginsu ya nutse, suna yawo daga tsibiri zuwa tsibiri a cikin ƙatuwar tukunya. Kashi-kashi yake fitowa, sai an jira watanni kafin na gaba. Babu gudu, babu harbi, magana ce zalla. Ka taɓa mutum, amsoshi su fito da Turanci, ka zaɓi ɗaya.

Wata rana tana jiran ɗinkinta a shagon Salamata, tela kuma ƙawarta tun ƙuruciya, sai Salamata ta leƙo ta ce, "Me agwagwar take cewa haka?" Hamida ta fassara mata kamar yadda aka rubuta. Babu wadda ta yi ko murmushi. Da agwagwa ta sake buɗe baki, sai Hamida ta bar rubutun, ta faɗi abin da ya kamata agwagwa mai hankali ta faɗa wa namiji malalaci. Kekunan ɗinki suka tsaya cak. Har mai sayar da koko ta shigo.

Daga nan majalisa ta kafu. A Sokodé, ranar Lahadi bayan azahar, Issifou ya haɗa wayar da talabijin, mata su cika shagon, kowa na ihun amsar da za a zaɓa, Hamida na muryar kowa. A Dapaong kuma, a tsakar gidan Hajiya Ummi.

Hajiya Ummi ce mai masaukin Hamida tun ranar da ta fara fatauci. Dattijuwa ce, dillaliyar albasa, gidanta bayan kasuwa. Ita ta haɗa Hamida da manoman Bombouaka, kuma ba don bakinta ba babu manomin da zai ajiye wa baƙuwa tumatir mai kyau. Duk kasuwar an san ba ta magana biyu. Da farko ta ce wasan yara ne. A kashi na uku ita ce mai cewa a yi shiru.

A majalisun biyu babu mai karanta Turanci sai Hamida, kuma babu wadda ta taɓa tambaya. Ita kuwa ba ta riƙe abin da ta faɗa jiya. Muryoyin ma aro take yi. In tana Dapaong ta ari bakin mutanen Sokodé, in tana Sokodé ta ari na mutanen Dapaong. Hanya ce mai nisa tsakani, wa zai ji?

Kashi na huɗu shari'a ce. An kama agwagwa, alƙaliyar wata ƙatuwar dabba mai haure, wadda Hamida ta raɗa wa suna Dorina. A Sokodé ta yi shi ne ranar da kamiyo ya lalace musu a hawan Alédjo, tumatir na laushi a buhu, hankalinta duk yana can. Ta zuba shi a guje. Dorina ba ta ce komai ba sai, "Na ji. Laifinki ne. A tafi da ita." A Dapaong kuwa, mako na gaba, ciniki ya yi kyau, bakinta ya buɗe. Dorina ta tsayar da shari'a, ta ciro tef ta auna agwagwa don rigar fursuna, aka yi ta ɗage zama saboda rigar ba ta gamu ba, kullum tana cewa, "Gobe da safe, in sha Allah. Saura hannu kawai." Hajiya Ummi ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗi.

Kuskuren Hamida na son sauƙi ne. Ta gaji da sanarwa sau biyu, sai ta zuba majalisun biyu a grup ɗaya na waya. Bayan kashi na biyar ya fito, Awa, surukar Hajiya, ta jefa tambaya: cikin biyar ɗin nan, wanne ne ya fi rashin daɗi?

Matan Sokodé, su tara, baki ɗaya suka ce na huɗu. Salamata ta ce ko zaman makoki ya fi shi armashi. Matan Dapaong, su bakwai, suka ce ashe mutanen Sokodé ba su san dariya ba, na huɗu ne sarki, na biyu ne marar gishiri, wancan na tsohuwar kaguwa mai ba da hayar ɗaki.

"Kaguwa? Kaguwar da ta sa na soki yatsana da allura?" in ji Salamata. "Ku dai can zafin rana ya taɓa ku."

Saƙonnin murya suka yi ta zuba. Hamida tana tsakanin Kanté da Mango, inda waya ke kamawa tana saki, sai ta ga Hajiya Ummi da kanta ta aiko. Ta kara a kunne. Hajiya ta kawo shari'ar tun daga farko, da tef, da rigar fursuna, ta rufe da muryar Dorina: "Gobe da safe, in sha Allah. Saura hannu kawai."

Hamida ta sauke wayar daga kunne. Duk Kpangalam an san mai wannan maganar. Babu wanda ya taɓa kai wa Salamata ɗinki bai ji ta ba.

Amsar Salamata ba ta jima ba. "Hajiya, ban san ki ba, ba ki san ni ba. Wa ya ba ki labarina har kike mini ba'a a gaban mutane? Dorina ba ta faɗi haka ba. Da girmanki, ki ji tsoron Allah. Ƙarya kike yi."

Kafin su shiga Mango wayar Hamida ta yi ƙara.

"Hamida," in ji Hajiya Ummi, muryarta a kwance. "Na naɗe tabarmarki. Matar nan ta kira ni maƙaryaciya a gaban surukata. Sai ta janye a inda ta faɗa, kafin ki sake taka gidana. Manoman Bombouaka kuma ki nemo su da kanki."

Tumatir na gab da fara fitowa. A wannan zuwan Hamida ta kwana a ɗakin wata mai tuwo kusa da tasha, ta sayi albasar da kowa ya tsallake, ta juyo. A hanya ta ciro wayar ta mayar, ta ciro ta mayar. Ta fara saƙo ta goge. Direba ya ce, "Tanti, in kujerar ce ke cizo, a sake miki."

Ko gida ba ta shiga ba ta wuce shago.

"Salamata, don Allah ki janye. Uwa ce."

"Uwar wa? Ke kika fassara da bakinki, ina zaune. Dorina ta faɗi haka ko ba ta faɗa ba?"

"Ai abin yana da faɗi..."

"Ta faɗa ko ba ta faɗa ba?"

Hamida ta ce ta bar albasa a rana, ta fita.

Issifou ya ji labarin yana kan wata waya da ƙaramin sukurdireba a baki. Ya ce, "Ki ce musu wayar ce ta lalace, ni zan ba da shaida." Ta harare shi. Ya ce, "To ki gaya musu gaskiya."

"In gaya wa Salamata na mai da ita dorina?"

"Ai da kin zaɓar mata dabba mai ɗan kyau."

Ta zagaya tsakar gida, ta kwashe shanyar da ba ta bushe ba, ta sake shanya ta. Daga ƙarshe ta koma shago ta ce wa Salamata ta shirya su tafi Dapaong, a buga kashi na huɗu a gaban kowa. Salamata ta ture ɗinkin mutane gefe, ta ce dama abin da take so ke nan.

Bayan la'asar suka isa. Hajiya Ummi na zaune kan kujera 'yar tsuguno tana tsince albasa, matan majalisa sun riga sun taru. Ta amsa sallama, ta dubi ƙullin kayan da ke kan Salamata, ta ce, "A ajiye a zaure. Gidana ba tasha ba ne."

Salamata ta tsaya da ƙafa ɗaya a ciki. Ta dubi Hajiya, ta dubi Hamida. Ta sauke ƙullin a zaure.

Aka kifa turmi, aka jingina wayar a kai. Hamida ta buɗe kashi na huɗu, ta wuce kamun agwagwa, ta wuce kurkuku, har Dorina ta hau kujerar shari'a ta buɗe baki. Rubutu ya fito. Mata suka matso. Salamata ta harɗe hannu. Hajiya ta ajiye albasa.

In ta yi na Dapaong, ta rasa ƙawa. In ta yi na Sokodé, ta tabbatar da Hajiya maƙaryaciya. Hamida ta share zufa da gefen mayafi, ta sa yatsa a ƙarƙashin rubutun, ta karanta abin da ke wurin.

"Ta ce lauyan agwagwa ya makara saboda ruwan sama. Kuma kotu ba ta zama ranar Talata."

Aka jira.

"Sai me?" in ji Hajiya.

"Shi ke nan."

"Ina abin dariyar?"

"A wurin masu wasan, shi ne."

"Rigar fursuna fa?" in ji Awa.

"Babu riga."

"To 'laifinki ne, a tafi da ita' fa?" in ji Salamata.

"Shi ma babu."

Wata kaza ta zo ta wuce ta tsakaninsu, Hamida ta bi ta da ido kamar ba ta taɓa ganin kaza ba.

Salamata ta yi magana a hankali. "To 'saura hannu kawai', daga wane tsibiri ya fito?"

Hajiya Ummi ta dube ta sama da ƙasa, ta ga tef ɗin awo da ta manta rataye a wuyanta tun daga Sokodé. Ta toshe baki da hannu. "La ilaha illallahu. Ke ce mai hannun?"

Tsakar gidan ta fashe. Salamata ta miƙe, ta nuna Hamida da yatsa. Sai kuma ta juya.

"Ku dakata, kada ku gama dariyar. Hajiya, kaguwar kashi na biyu, me take cewa a nan garin?"

"Ba ta cewa komai. Shi ya sa ba ta da daɗi."

"A Sokodé tana cewa. Duk wanda ya shigo da kaya, sai ta ɗaga ƙafa ta ce a ajiye a zaure, gidanta ba tasha ba ne."

Dariyar ta ɗauke. Awa ta sunkuya tana gyara zanin da bai kwance ba.

Salamata ta ciro wayarta, ta danna, ta yi magana da ƙarfi don kowa ya ji. "Jama'ar grup, ni ce Salamata. Na janye. Hajiya Ummi ba ta yi ƙarya ba, ta yafe mini. Mai ƙaryar ga ta nan zaune a tsakaninmu, ta sha mu duka." Ta tura, ta zauna ta ba Hamida baya.

Hajiya ba ta ce na yafe ba, ba ta ce ban yafe ba. Ta ɗauki albasa ta juya ta a hannu.

"Buɗe na biyu," ta ce. "Yi mini kaguwar. Yadda kike yi a can."

"Hajiya, don girman Allah..."

"Mutanen Sokodé sun ji ni, ni ban ji kaina ba. Yi."

Hamida ta buɗe. Kuku ya shiga gidan haya da tukunyarsa a ka, kaguwa ta fito daga rami. Nan da nan muryar ta kama hanya, don bakin Hamida ba ya iya rabin aiki. Kaguwa ta hana a taɓa randa, ta tambayi kuku ɗan gidan wane ne, ta ce agwagwa ta cire takalmi. Matan Dapaong suka yi ta danne dariya har ɗaya ta gudu bayan ɗaki. Kafaɗun Salamata na girgiza, amma ba ta juyo ba.

Hajiya ta saurara har ƙarshe, fuskarta a ɗaure.

"Hancin ya yi yawa," ta ce. "Ni ba ta hanci nake magana ba."

Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta shiga ɗaki. Aka ji tana jan wani abu. Ta fito da tabarmar a naɗe, ta jefa ta gaban Hamida.

"Gobe mutanen Bombouaka za su shigo, ki zo mu tare su tare. Tabarmar ɗaya ce. Ku raba, ke da dorinarki."