Rigar da Ta Sha Bula

Na taso da karatun littattafan soyayya na bakin kasuwa, inda kowace budurwa fara ce sol. Wadda Allah Ya haɗa ni da ita a Rafin Guza kuwa wankan tarwaɗa ce, kuma tun ranar da na gan ta na daina yarda da marubutan nan.

Ƙorafinta ɗaya ne, ba a taɓa yi mata hoton da ya fito da kalarta ba. Masu shagon hoto su ɗashe ta, waya ta mai da ita toka-toka. Lokacin na fara riƙe kyamara, ina ɗaukar suna da walima, sai na cika baki. Ta ce idan na iya, hoton da na ɗauka za a buga a kalandar bikinmu, idan na kasa za ta tafi wani shago a Unguwar Rimi. Wani ƙato ya ce mata ta ɗan karkato ta yi murmushi? Ban iya jure tunanin ba.

Ranar ɗaukar hoton na ci ado da farar shadda, karɓowata ke nan daga mai wanki. Falonsu bango kore, ƙwan lantarki rawaya, ga hasken la'asar ta taga. A irin wannan wuri kyamara rikicewa take yi. Sai ka nuna mata farin abu, ta auna sauran launuka da shi. Na nuna mata hannun rigata.

Hoto ya fito kamar an tsoma yarinya a manja. Na sake, haka. Kakarta da ke gefe tana gadinmu ta leƙa.

"Angona, ciwon shawara ka sa wa kishiyar tawa? Da ni ka ɗauka, ai da ka huta."

Aka kawo min ruwa a kan farin farantin tangaran don in huce. Da hannuna ya kusanci farantin sai na ga shaddar ta yi shuɗi-shuɗi. Ashe mai wanki ya zabga mata bula. Kyamara ta ɗauki shuɗin a matsayin fari, ta yi ta ƙara rawaya don ta gyara.

Na kashe ƙwan, na matso da yarinyar bakin taga, na nuna wa kyamara farantin, na sake ɗauka.

Ta daɗe tana kallon hoton, sannan a hankali ta ce, "Ni ce kuwa."

Kalandar shekararta ta wuce tuni, amma har yau tana rataye a ɗakinmu. Farantin kuma kaka ta ba ni, yana cikin jakar aikina.