Yakuba Tela da Baƙin Bengu

In kana neman tela wanda bai taɓa cewa "gobe" ba, ka sauka Gaya ta Nijar ka tambayi Yakuba. Ka kai masa yadi ana saura kwana goma Sallah, sai ya kalle ka ya ce ba za ka samu ba sai bayan Layya. Sauran telolin garin kowa ya yi moto, wato babur, shi har yanzu sawunsa ne motarsa. Kirista ne, tun yana saurayi ya ji fasto ya karanta cewa i ta zama i, a'a ta zama a'a, abin da ya wuce haka daga Mugun yake. Kowa ya ji ya tafi gida ya ci tuwo. Shi kaɗai ya ɗauko maganar ya aza wa matarsa Yalwa a ka.

Shekara ashirin da biyu tana ɗauke da ita. Tana tallar kifi banda, a tambaya ko na yau ne, kafin ta buɗe baki ya amsa daga kan keken ɗinki cewa na shekaranjiya ne. In ta yi magana ya tuna mata da miji da matar nan na cikin Littafi da suka yi ƙarya gaban manzanni suka faɗi matattu. Ta ce da haka ake yi har yau, da babu mai rai tsakanin Gaya da Malanbil ta ƙetaren kogi sai shi da jakuna.

Duk wannan ta shanye. Abin da ba za ta iya rasawa ba shi ne Fatuma, matar maƙwabcinsu Alfari. Katanga ɗaya suke, naman Layya ya ƙetaro, shinkafar Nowel, wato Kirsimeti, ta ƙetara, Fatuma ce ma ta yanke cibiyar Issa, ɗan Yalwa. To sai ga Sani, ɗan Fatuma, direban kamiyo, babbar motar kaya, ya nemi aure a garin Bengu. Aka ce kawunnan yarinya biyu na tafe binciken halinsa, kuma wani ɗan baƙin ciki ya nuna musu gidan telan da ba ya ƙarya.

Kowa ya san yadda ake yi: a ce yaron kirki ne, a sha ruwa, a tashi. Yalwa ta roƙi mijinta, ta haɗa shi da kabarin uwarsa. Ya ce zai faɗi abin da ya sani. Da ta ji sallama, ta tura shi ɗaka ta ja ƙofa, ta fito da fara'a ta ce maigida ya ƙetara Malanbil sayen zare.

"Maman Issa, ina nan fa," in ji shi daga ciki.

Ta so ƙasa ta tsage. Fatuma kuwa tana bayan katanga, kunne kamar faifai.

Ya fito ya shimfiɗa tabarma, ya zazzage. Sani akwai zuciya, ya taɓa fasa wa wani direba baki a layin duwan, wajen 'yan kwastan. Sani akwai barci, ko injin niƙa ba ya tada shi. Yalwa tana ji tana ƙirga shekarun zumunci suna zubewa ɗaya ɗaya. Sai ya ƙara da cewa shekarar da kogi ya shigo unguwa, Sani ne ya goya tsofaffi bakwai ya fitar, kuma bai taɓa jin ya ɗaga wa mace murya ba.

Babban kawun ya ce gida tara suka shiga, duk an ce musu mala'ika ne, su kuma ba mala'ika suka zo nema ba. Suka ba da yarinya.

Amma Fatuma ta yi wata guda ko gaisuwa babu. Yalwa ta rame, ta daina sa wa mijinta yaji a miya don horo. Sai ran biki ga Fatuma da kanta ɗauke da kwano, ta dire gaban Yakuba, ta tsaya har ya kai loma. Gishiri ya yi yawa, Yalwa ta gani a fuskarsa.

"Baban Issa, yaya miyar?"

Kafin ya motsa leɓe, Yalwa ta danna masa tsokar nama har maƙogwaro.

"Bakinsa cike yake, Yaya," ta ce.

Wannan dai ko shi bai iya ƙaryata ta ba.